Yaron da ke cewa "eh": lacca kan otizim da shari'a

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gode muku da kuka jure zafin Garwa kuka zo, ga shi fankar nan ta sama juyawa kawai take yi don kada a ce ba ta aiki. Abubuwa uku zan taɓa: littafin da na karanta, halin da ake kira otizim, da tanadin dokar Kamaru ga mai wannan hali idan ya shiga hannun hukuma.

Littafin ƙagaggen labari ne da na samu da Faransanci, labarin wani saurayi mai otizim a ƙasar Turawa da aka tuhuma da laifin da bai aikata ba. Shafi guda ne ya tsaya mini a rai, inda mai bincike ya rubuta cewa saurayin ya ƙi haɗa ido da shi, saboda haka yana ɓoye wani abu. Sai na ajiye littafin na yi dariya, domin a wurinmu yaron da ya ƙura wa jandarma ido shi ne marar kunya, wanda ya sunkuyar da kai kuwa shi ne ɗan gidan tarbiyya, kuma 'yan'uwanmu Fulani sun fi mu tsanani a nan da abin da suke kira semteende, wato kunya. Alamar da ta kai wancan saurayi kurkuku, a Garwa yabo za ta jawo masa. Amma kada mu yi saurin murna, domin namu tarkon a baki yake.

Na biyu, a taƙaice. Likita Leo Kanner ne ya bayyana halin a Baltimore ta Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11, sannan Hans Asperger ya rubuta makamancinsa a Biyana ta Ostiriya a 1944. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa yin ƙiyasin cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Wasu na ce masa galahanga, ni dai ba na son kalmar, saboda muna jefa larurori daban-daban a cikinta kamar kwandon kasuwa. Ba hauka ba ne, ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne; yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne da yaro ke tasowa da shi, wani ba ya magana sam, wani kuma zai lissafa muku lambobin motocin unguwa har ku gaji.

To, mu koma ga baki. Ina da ɗan ƙanwa, shekararsa 16, wanda tun yana ƙarami yake jera murafen kwalba a tsakar gida, daga babba zuwa ƙarami, kuma idan wani ya goce da ɗaya sai ya toshe kunne ya yi ta jijjiga. Wata rana a kasuwa ya ga wayoyi a kan teburin wani mai saye da sayarwa, ɗaya ta karkace, ya sa hannu ya ɗauka don ya daidaita ta. Mai tebur ya damƙe shi ya ce, "Kai ka ɗauki wayar nan?" Ya ce, "Eh." Ya ce, "Sata ka zo yi?" Yaron ya maimaita, "Sata ka zo yi." Ku da kuka san kasuwa kun san abin da ke biyo bayan kalmar ɓarawo, ba a jiran jandarma. Allah ya sa wani tela da ya san gidanmu yana kusa, shi ya shiga tsakani.

Ku duba amsoshin nan biyu da kyau, domin a nan duk laccata take. Amsar farko gaskiya ce tsantsa: ya ɗauki waya. Ba a tambaye shi dalili ba, shi kuma ba ya amsa abin da ba a tambaya ba, ba ya kuma hango abin da mai tambayar ke nufi a ransa. Amsa ta biyu ba amsa ba ce, maimaicin abin da kunnensa ya ji ne, abin da da yawa daga irin waɗannan yara ke yi idan sun firgita. Amma wanda ke tsaye a gefe me ya ji? Ya ji iƙirari sau biyu. Iƙirari sau biyu, jama'a, daga bakin yaron da ko goro bai taɓa sata ba.

Yanzu ku kai wannan yaro ofishin bincike. Ana yin tambaya da Faransanci, wani ya juya ta zuwa Fulatanci ko Hausa, yaron ya ce "eh" ko "to", a sake juyawa zuwa Faransanci a rubuta a takardar bayani, a ba shi ya dangwala yatsa. Malam, kai da ke gaban nan kana aikin tafinta, ka san "to" tamu: tana nufin na ji, tana nufin na yarda, wani lokaci tana nufin ka rabu da ni. Matata idan ta ce mini "to" da wata irin murya, na san ban ci shari'ar ba. (Dariya.) A takarda kuwa kalma guda za ta fito, wato ya amince. Kuma mun horar da 'ya'yanmu kada su yi musu da babba, balle mai kaki. Sai ladabi da larura su haɗu su rubuta wa yaro laifi.

Na huɗu, au, na uku ke nan, lokaci ya ja. Dokar tsarin shari'ar laifuka ta 2005, wadda ta fara aiki a 2007, ta ƙayyade tsarewar bincike da awa 48, ana iya sabuntawa, ta kuma wajabta a sanar da wanda ake zargi cewa yana da damar yin shiru da ta neman lauya. Sashe na 78 na kundin laifuka ya ɗauke alhaki daga mai taɓin hankali, kamar yadda hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mai barci da yaro da mahaukaci. Matsalar ita ce ɗan ƙanwata ba mahaukaci ba ne, don haka wannan ƙofa ba tasa ba ce, ƙofar masu cikakkiyar fahimta kuma ta yi masa tsayi. A Ingila, tun dokar 1984, ba a yi wa mai rauni irin wannan tambayoyi sai da wani babba a gefensa mai lura da ko ya fahimta.

Na'am, Alhaji, ga hannunka a sama.

(Tambaya daga zaure: ba a tsoron masu laifi su fake da wannan larura?)

Tambaya ce mai kyau, Alhaji, Allah ya ƙara girma. Otizim ba ya wanke laifi. Gary McKinnon, wani ɗan Birtaniya mai otizim, ya kutsa cikin kwamfutocin sojan Amurka, bai ma musanta ba. Abin da gwamnatin ƙasarsa ta yi a 2012 shi ne ƙin miƙa shi ga Amurka saboda haɗarin da hakan zai jefa rayuwarsa, ba ta ce bai yi ba. Yin ƙaryar larurar kuma yana da wuya, domin likita tarihin ƙuruciya yake nema, yaushe yaro ya fara magana, yaya yake wasa, kuma unguwa duka shaida ce. Shi ya sa nake roƙon iyaye su nemi takardar likita tun babu abin da ya faru, su nemi katin naƙasa a ofishin walwalar jama'a bisa dokar 13 ga Afrilu 2010, su ajiye kwafi a aljihun yaro. Ƙanwata ta ɗinke nata a cikin leda a rigarsa, da lambar wayarta a baya. Ga kiran la'asar nan; Hajiya, riƙe taki tambayar, bayan salla da ke za mu fara.