Wa Ke Riƙe da Yaron Nan? Hira a Kan Malaman Jarda da Iyaye

Isufu: Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Tahoua. Yau ni da Hajiya Rabi, wadda ta daɗe tana koyar da yara 'yan shekara 3 zuwa 5, za mu tattauna a kan zaman malaman jarda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, da iyaye. Hajiya, ina kwana?

Hajiya Rabi: Lafiya lau, Malam Isufu. Akwai tambayar da ya kamata kowace malama ta yi idan aka koma lakwal a watan Oktoba, wato wa ke riƙe da yaron nan. A ƙasar Adar, wato nan yankin Tahoua, da zarar an gama girbi, magidanta da yawa suna tafiya bida Abijan, Libiya ko Najeriya, don haka uban da sunansa ke rubuce a takardar haihuwa sau da yawa ba ya gari. Mai kawo yaro takan zama kakarsa, ko gwaggonsa, ko yayarsa da ke sakin hannunsa a bakin ƙofa ta ruga nata ajin.

Isufu: Ni kuma, Hajiya, bari in faɗi koken iyaye. Ana sa wa yaro takarda da Faransanci a cikin jaka, uwar ba ta iya karantawa ba, takardar ta kwana ta koma a naɗe, sannan a ce gidan ba su damu ba. Kuma ba a cika neman mutum ba sai za a karɓi kuɗi ko ɗansa ya ciji ɗan wani.

Hajiya Rabi: Wannan koke yana kan hanya, kuma yana yi mini ciwo. Uwar da ba a taɓa kira ba sai don laifi, gabanta ne ke faɗuwa idan ta ga lambar malama. Shi ya sa nake cewa saƙon farko ya zama na alheri, da murya, ta WhatsApp ko a tsaye a bakin ƙofa, da Hausa ko da harshen da ake yi a gidan. A ce mata yau ya daina kukan rabuwa, ya cinye gutensa, wato ɗan abincin da ya zo da shi, har ya rera waƙa tare da sauran. Wadda ta ji haka ita ce gobe za ta gaya maki cewa ya kwana da zazzaɓi, ko cewa an yi masa ƙane shi ya sa ya koma fitsari a wando. Ɗan shekara 3 ba zai iya wannan bayani ba. Maganar wandon ma a keɓe ake yin ta, a sanya shi a leda a miƙa ba tare da sauran iyaye sun ji ba, domin kunyar da aka ba uwa a gaban jama'a ba ta saurin gogewa.

Isufu: To ina amfanin kwamitocin da muke da su? Akwai kwamitin kula da makaranta da aka fi sani da COGES, akwai ƙungiyar iyayen yara, akwai kuma ta iyaye mata, AME.

Hajiya Rabi: Suna da amfani idan aka duba lokacin mutane. Taron da aka sa ranar Lahadi, ranar babbar kasuwar Tahoua, ko da hantsi lokacin da mata ke gindin murhu, kujeru kawai zai tara. Bayan la'asar ya fi. Amma a wurina ƙungiyar iyaye mata ta fi kowacce ƙarfi, domin akwai gidajen da darakta namiji ba zai wuce zaure ba, alhali mace daga cikinsu za ta yi sallama ta shiga har ɗaki.

Isufu: Idan yaro ya yi fashin zuwa, wa ya kamata ya fara motsawa?

Hajiya Rabi: Malama ce, kuma kada ta bari mako ya zagayo. Ta aika ɗaya daga cikin matan nan ta je dubiya, ta fara da tambayar lafiyar yaron da ta mutanen gida, ta bar maganar fashin har sai uwar ta ɗauko ta da kanta.