Amsoshin Tambayoyinku: Wai an ce mun fita daga karayar tattalin arziki, to ya aljihu bai ji labari ba?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau wasiƙu uku na ware, kuma duk ukun maganar kuɗi ce.

Ta farko wani malamin firamare ne daga Azare, yake cewa: "Don Allah mece ce wannan karayar tattalin arzikin da ake ta faɗa a labarai, yanzu muna ciki ne ko mun fita? Ni dai albashina baya kai goma ga wata."

Toh Malam, Allah ya ƙara rufa asiri. Su masana suna da mudunsu na awo da suke kira GDP, wato a tattara duk abin da ƙasa ta samar, tun daga ɗanyen mai har masarar manomi da ɗinkin tela da katin da kake sawa a waya, in aka ga ya ragu a wata uku sannan ya sake raguwa a wata ukun da ke biye, sai Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce an shiga. Haka aka yi a 2016. Gangar mai da take sama da dala 100 a tsakiyar 2014 ta rikito ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, ga tsagerun Neja Delta suna fasa bututu, dala ta yi wuya, naira da gwamnati ta riƙe a kan 197 kowace dala aka sake ta a watan Yuni, kafin a ankara 'yan canji sun kai ta wajen 500 a farkon 2017, litar fetur kuma ta tashi daga 86.50 zuwa 145. A shekarar ta 2016 tattalin arziki ya ragu da kusan kashi 1.6 cikin ɗari. Aka fita a 2017, korona ta sake mayar da mu a 2020.

Amma Malam abin da ke cinye maka albashi sunansa daban, hauhawar farashi ce. Kuma wallahi nan ne mutane ke rikicewa, don a 2024 alƙaluma sun nuna tattalin arziki ƙaruwa ma yayi da kashi 3 da ɗoriya, alhali hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a Disamba, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira. Wato a takarda babu karaya, a tukunya akwai. In bankuna da kamfanonin waya sun samu riba mudun zai cika, ko da kai ka koma cin afafata. Saboda haka ba ƙarya aka yi maka ba, kawai dai ba kai ake aunawa ba.

Sai wata Hajiya daga Funtuwa, uwar adashi ce, tace mata ashirin ne ke zubi a hannunta duk wata, yanzu wasu na cewa gara su janye su sayi hatsi su ajiye, me ya fi?

Hajiya ranki ya daɗe, matan nan suna da gaskiyarsu. Adashin mutum ashirin wata ashirin kenan, wadda ta yi kwasar farko ta sayi buhu biyu, ta ƙarshe in farashi na gudu ƙila buhu ɗaya da 'yan kwanoni zata samu, alhali zubi ɗaya suka yi. Ni da nice ke ba zan rushe adashin ba, don a irin wannan lokaci shi ne bankin talaka, ba ruwa ba takardu, in haihuwa ko asibiti ta taso a roƙi alfarma a sauya kwasa. Sai dai ki raba su gida biyu ko huɗu zagayen ya gajarta, wadda ta kwashi ƙarshe a wannan karon ita ce farko a na gaba. Wadda ta kwasa da kaka kuma ta sayi na ci, masara ko wake, ta zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki saboda ƙwari. Na ci nace fa, ba na jiran tsada ba, hatsi ma yana faɗuwa ya bar mutum da kuka.

Abu ɗaya da zan roƙe ki, duk wanda ya zo da zancen a kawo kuɗi a ninka, ki rufe ƙofa. A tsakiyar wahalar 2016 ne wata harkar ninka kuɗi ta intanet mai suna MMM ta yi kasuwa da alƙawarin kashi 30 a wata, Disamba na yi suka kulle asusun mutane, wasu har kuɗin makarantar yara suka zuba.

Ta ƙarshe daga Maraɗi, wani Alhaji mai fataucin dabbobi, yana tambaya me yasa in naira ta faɗi shi ma yake ji a jikinsa bayan sefa ce kuɗinsa. Alhaji ai sefarka a ɗaure take da yuro, bata motsi, amma ragon da ka kai Jibiya da naira za a biya ka, kana zuwa canji sai ka ga ribar ta narke. Shi yasa da yawa basa komawa da kuɗi, kaya suke saya a wannan ɓangaren tunda ya yi musu araha, su je can su sayar.

Lokaci ya cimmana, mai tambaya akan bashin banki daga Gusau ka yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu.