Me Ya Sa Ba Ku Ga Sunan Malam a Kan Labari Ba?

[Hoto: ƙofar gidan Malam, tabarmi a shimfiɗe, jama'a na zaman makoki]

Tun ranar da aka kai Malam, editan da na yi aikin jarida a ƙarƙashinsa, makwancinsa nake ganin wata tambaya tana yawo a Facebook. Wani matashi ne ya yi ta, kuma ba da raini ba. Ya ce, ana ta cewa babban ɗan jarida ya rasu, to ina rubutunsa? Ya duba bai ga labari ko ɗaya da sunansa ba. Ƙanena, gyara zama in nuna maka inda rubutun yake.

[Hoto: ginin Gaskiya, sai tsofaffin shafukan jarida]

Wannan ginin duk ɗan Zariya ya san shi. A garin nan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a watan Janairun 1939, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Wani malamin daban, Malam Abubakar Imam, shi ne editanta na Hausa na farko, yana aiki tare da Dokta Rupert East. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya. Aikin edita da Hausa a nan ya bunƙasa.

Yadda jarida ke fita kuwa ba wuya. Wakili ya je ya gani, ya dawo ya rubuta. A ƙarshe inji ya buga, da asuba masu sayarwa su ɗauka. Waɗannan kowa ya sani. Abin da ba a gani shi ne na tsakiya.

[Hoto: tebur, tulin takardu, jan biro]

Ga shi nan. Teburin edita. Duk labarin da ka taɓa karantawa a jarida sai da ya kwana, ko ya yini, a kan irin wannan teburin.

Ina sabon shiga, gobara ta tashi a wata kasuwa. Na ruga na dawo ina haki, na rubuta cewa shaguna da dama sun ƙone, an ce wutar lantarki ce. Malam ya karanta bai ce uffan ba. Ya zagaye "da dama" da jan biro, ya zagaye "an ce". Sannan ya ɗago kai.

"Ɗana, da dama nawa ne?"

Na ce ban ƙirga ba, Malam.

"Wa ya ce?"

Na ce mutane.

"Mutanen ba su da suna? Ka ji ta bakin sarkin kasuwa? Ka ji ta bakin 'yan kwana-kwana?"

Haka na sake komawa cikin ranar nan, na bi layi-layi ina ƙirga shago. Ashe ma ba lantarki ba ne. Da labarin farko ya fita, da mun ɗora wa wasu laifin da ba nasu ba, kuma jarida ba ta da maɓallin gogewa. In an buga, an buga. Washegari labarin ya fito a shafin farko. Sunan wa ke kai? Nawa. Tambayoyin da suka tsayar da shi da ƙafafunsa kuwa na Malam ne, kanun ma shi ya rubuta.

Akwai kuma kunne. Labaran waje da Turanci suke zuwa, sai an mayar da su Hausa. Malam ba ya sakin fassara sai ya karanta ta a bayyane, don ya san jarida ɗaya a zaure ake karanta wa mutum goma, har da waɗanda ba su yi boko ba. In ka rubuta wane ya rasa ransa, sai ya yi murmushi ya ce, a ina ya ajiye shi har ya rasa? Ka ce ya rasu. Kowa a ofis ya yi dariya, kai ma ka yi, amma ba za ka ƙara ba.

[Hoto: matasa na latsa waya a bakin titi]

Hotunan Malam yana aiki kaɗan ne, shi ya sa kuke ta ganin teburin. Ba ya son kyamara. Ni dai abin da ke damuna yau, labari yana tashi daga waya zuwa waya, babu wanda zai tare shi ya ce wa ya ce. Har labarin rasuwarsa sai da wasu suka rubuta shekarunsa ba daidai ba.

[Hoto: tsohuwar takarda, rubutun keken rubutu, jan tawada ko'ina]

Wannan ita ce takardar gobarar. Na adana ta. Matso da kyamara kusa. Baƙin nawa ne, jan nasa. Ƙanena, ga rubutun Malam da kake nema. Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna makoma, Ya ba iyalansa haƙuri.