Taswirar da Ta Gano Yaran da Aka Manta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na sharhi.

A 'yan shekarun nan, duk taron da mutum ya je, na gwamnati ko na ƙungiyoyi, sai ya ji ana ambaton fasahar zamani. Ita za ta kawar da talauci, ita za ta gyara ilimi, ita za ta toshe kafar cin hanci. Wasu su yi tafi, wasu su taɓe baki. Yau ina so mu ajiye hasashe, mu dubi wani aiki da aka yi a kan idonmu, a cikin unguwanninmu, wanda aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba, kuma ya yiwu. Ina nufin yaƙi da cutar shan inna a Arewacin Najeriya.

A shekarar 1988 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yanke shawarar kawar da shan inna daga doron ƙasa kafin shekarar 2000. A lokacin cutar tana nakasa yara kimanin 350,000 duk shekara, a ƙasashe 125. Maganin ba sabo ba ne, ba shi kuma da tsada: ɗigo biyu ne a bakin yaro. Amma 2000 ta zo ta wuce, cutar na nan daram a wajenmu. A 2003 ma sai Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin, saboda jita-jitar cewa an sa masa abin hana haihuwa. Masu yi wa mutanenmu kallon jahilai kan wannan lamari sukan manta da 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 daga cikinsu suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sai dai gudun ya jawo asara mai yawa. Kafin Kano ta dawo da rigakafi a watan Yulin 2004, ƙwayar cutar ta riga ta kama hanya, daga baya aka ga ɓullarta a ƙasashe kusan 20, har da Sudan da Yaman da Indonesiya. A 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura 1,100.

To, an dawo da rigakafi, ana zagaye bayan zagaye, amma a 2012 an samu yara 122 da cutar ta kama a Najeriya, fiye da rabin abin da aka samu a duk duniya a wannan shekara. Indiya, mai mutum sama da biliyan ɗaya, ta riga ta ga na ƙarshe tun watan Janairun 2011. Mu kuwa rahotanninmu na takarda suna cewa an ɗiga wa kusan kowane yaro. Idan an ɗiga wa kowa, ina cutar take samun mafaka?

A nan ne fasaha ta shigo, kuma abin da ta fara yi shi ne tona asiri. Kafin lokacin, taswirar da ma'aikatan rigakafi ke bi da hannu ake zana ta. Jami'in gunduma zai zauna da biro da takarda ya zana masallaci, ya zana kasuwa, ya ja layin hanya, ya rubuta sunayen ƙauyukan da ya sani. Wanda bai sani ba fa? Rugar Fulani da ta sauka bayan damina, da tungar masunta a bakin kogi, da 'yan gidaje biyar da ke kan iyakar gundumomi biyu, waɗanda kowane ɓangare ke zaton na ɗaya ɓangaren ne, duk ba sa cikin lissafi. Yaran wuraren nan ba ƙin rigakafi iyayensu suka yi ba. Ba wanda ya taɓa zuwa ya yi musu sallama.

Daga 2012 aka fara amfani da hotunan tauraron ɗan Adam ana zana sabuwar taswira ta jihohin da cutar ta fi ƙamari. Hoto zai nuna rufin ɗakuna a cikin daji, sai a tura mutum da na'ura ya je ya tabbatar, ya tambayo sunan wurin da mai unguwarsa. Ta haka dubban ƙananan matsugunai suka shiga takardar hukuma a karon farko. Ƙungiyar eHealth Africa, wadda ke da babban ofishinta a Kano, tana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin wannan aiki, kuma yawancin waɗanda suka taka ƙafa suka yi shi 'ya'yanmu ne.

Sai aka ƙara da abu na biyu. Aka riƙa ba tawagar masu rigakafi wayar salula mai GPS, a sa ta a cikin jaka. Ba a buƙatar su danna komai. Duk bayan 'yan mintoci wayar tana ajiye inda suke. Da yamma a karɓi wayoyin a juye bayanan a kwamfuta, sai sawun tawagar ya fito a kan taswira, ɗigo-ɗigo. Unguwar da aka shiga lungu-lungu za a gani. Wadda aka tsaya a bakin titi aka juya za a gani. Wanda ya zauna a gindin bishiya ya cike takarda da alƙaluman ƙarya, shi ma sawunsa zai nuna bai motsa ba. Ba na faɗin haka don in ci zarafin ma'aikatan nan. Galibinsu mata ne masu tafiya a ƙasa cikin rana kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma wayar ta wanke masu gaskiya a cikinsu kamar yadda ta kama marasa gaskiya. Sau da yawa ma ta nuna laifin daga sama yake: an ba tawaga ɗaya yankin da ko tawaga uku ba za su gama a yini ba.

Abin da nake so masu sauraro su riƙe a nan shi ne inda bayanan suke zuwa. A 2012 aka kafa cibiyar ayyukan gaggawa ta shan inna a Abuja, daga baya aka buɗe irinta a Kano da Katsina da Kaduna da Sakkwato da Borno da wasu jihohi. Jami'an gwamnati da na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Rotary da sauransu suka dawo ɗaki ɗaya, suna kallon allo ɗaya. Ƙauyen da aka tsallake yau, gobe da safe a koma. Shugaban ƙaramar hukumar da yankinsa ya yi ja a kan allo, sai ya yi bayani. Gwamnatin Kano ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Gates da Gidauniyar Dangote kan rigakafin yau da kullum, aka riƙa zama lokaci-lokaci ana bin alƙaluma ɗaya bayan ɗaya. Da ba don wannan ba, da taswirar ta zama ado a bangon ofis. Mun sha ganin kwamfutocin da aka raba da biki da jawabai, shekara ta zagayo suna cikin kwali, ƙura ta rufe su, domin ba a taɓa ɗora wa kowa alhakin amsa tambaya a kansu ba.

Amma waya tana iya nuna cewa ma'aikaciya ta tsaya a ƙofar gida, ba ta iya sa maigida ya ce a shigo. Wannan aikin wasu ne suka yi shi. A 2009 sarakunan Arewa, ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, suka kafa kwamiti kan kiwon lafiya a matakin farko, maganar ta gangaro daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa. Malamai suka yi bayani a masallatai. Aka ɗauki dubban mata 'yan sa kai, kowacce daga unguwarsu, masu shiga gidan suna da gidan biki, waɗanda suka san wace ce ta haihu jiya. Waɗanda cutar ta nakasa da kansu suka hau kekunansu suna bin gida-gida, suna cewa iyaye su dube su. Kuma da mutane suka yi tambayar da ta dace, wato me ya sa kullum shan inna alhali zazzaɓin cizon sauro da gudawa ne ke kashe mana yara, sai aka fara kafa sansanonin lafiya a lokacin zagaye, inda uwa za ta samu maganin zazzaɓi da gishirin gudawa tare da ɗigon. An kuma biya da jini. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. Allah Ya jiƙansu. Abokan aikinsu suka sake ɗaukar akwatunan sanyi suka fita.

Sakamako bai ɓoyu ba. Daga 122 a 2012 aka sauko 53 a 2013, sannan 6 a 2014, na ƙarshensu a ƙaramar hukumar Sumaila ta jihar Kano. Har an fara murna, sai a watan Agustan 2016 cutar ta sake ɓulla a Borno, a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana shiga. Da aka binciki ƙwayar a ɗakin gwaji, aka gano ta yi kusan shekara biyar tana yawo ba a sani ba. Nan ma hotunan sama suka yi rana. Da su aka riƙa tantance ƙauyen da har yanzu akwai mutane da wanda aka watse aka bari, a ƙiyasta yawan yaran da ke ciki, sannan a tsara yadda za a kai musu tare da sojoji da 'yan sa kai na yankin. Aka haɗa zagaye lokaci ɗaya da Nijar da Chadi da Kamaru, domin mutanen Tafkin Chadi ba su san iyaka ba, cuta ma haka.

Akwai wata dabara da ta burge ni ƙwarai. A ƙauye, yaron da ƙafarsa ta saki ba asibiti ake fara kai shi ba, wajen mai maganin gargajiya ake zuwa, domin da yawa suna ɗauka iska ce ta taɓa shi. Maimakon a yi faɗa da wannan, sai aka ba masu maganin da wanzamai da ungozomomi waya mai wata manhaja da ake kira AVADAR. Duk mako wayar za ta nuna musu ɗan gajeren bidiyo da harshensu, ta tambaye su ko sun ga yaro mai irin wannan alama. In sun ce e, saƙo ya tafi wajen jami'in lafiya nan take. Haka kuma tun 2011 ake ɗibar ruwan kwata a Kano ana kai wa ɗakin gwaji, domin a kama ƙwayar cutar tun kafin ta kwantar da yaro. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

Ribar ba ta tsaya nan ba. Da wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas da cutar Ebola a watan Yulin 2014, duniya ta tsorata, ganin irin cunkoson birnin. Tsarin cibiyar shan inna aka ɗauko, da ma'aikatanta, Dakta Faisal Shuaib ya jagoranta, aka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar. Mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, ciki har da Dakta Ameyo Adadevoh wadda ta hana Sawyer fita daga asibiti. A watan Oktoba aka ce Najeriya ta tsira.

Yanzu ga inda zuciyata take ƙuna. Muna da taswirar nan. Mun san sunan kowace ruga da kowace tunga. Duk da haka Najeriya tana sahun gaba a duniya wajen yawan yaran da ba a taɓa yi wa allurar rigakafi ko ɗaya ba, kimanin miliyan 2, kuma mafi yawansu namu ne na Arewa. Shi ya sa mashaƙo ya yi mana ɓarna a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022. Shi ya sa wani nau'in shan inna, wanda ke samun dama a inda yaran da aka yi wa rigakafi suka yi ƙaranci, yake ci gaba da ɓulla a Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi, musamman inda 'yan bindiga suka tare hanya. An kuma kama masu shafa wa yaro tawada a yatsa, alamar an yi masa rigakafi, ba tare da an ɗiga masa komai ba. Wayar da ta taimaka aka gano yaran, ita ce kuma yau ke yaɗa saƙon murya na ƙarya a WhatsApp, ya zaga jiha guda kafin azahar.

Sababbin kayan aiki kuwa sai ƙaruwa suke. Jirage marasa matuƙa na kamfanin Zipline, waɗanda suka fara kai jini asibitocin Ruwanda a 2016, sun iso Ghana a 2019, sun iso Kaduna a 2022. Firiji mai aiki da hasken rana ya kai rigakafi inda ba a taɓa ganin wutar lantarki ba. A watan Disambar 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Kebbi da Bayelsa. Sai dai kuɗin da ya riƙe yawancin wannan aiki daga waje yake zuwa, kuma a 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta ba da agaji, ta kuma sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya. Wanda bai ji wannan gargaɗi ba, bai so ji ba ne.

Don haka kirana ga gwamnoninmu da 'yan majalisun jihohi: a sa kuɗin sabunta taswirar nan da na cibiyoyin gaggawa a cikin kasafin jiha, a kuma sake shi a kan lokaci. A ba ma'aikatar ilimi ita, ta ga ƙauyen da yaro zai yi tafiyar awa biyu kafin ya kai aji. A ba ma'aikatar ruwa, ta daina haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar gidan mai faɗa a ji alhali ga tunga can tana shan ruwan kududdufi. A biya matan da ke bin gida-gida haƙƙinsu ba tare da jan rai ba. Ku kuma masu unguwanni da ke saurarenmu, idan akwai ruga ko sabuwar unguwa a yankinku da masu rigakafi ba su shiga ba a zagayen da ya wuce, ku kai sunanta ga jami'in lafiya na gunduma tun kafin zagaye na gaba.

Sai mun sake haɗuwa a wani sharhin. A huta lafiya.