Malamai Biyu A Aji Ɗaya

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Garba, yau kuma Amurka za ka kai mu?

Malam Garba: Can muka nufa, Hadiza. Suna da kwalejojin da ake kira na al'umma, karatun shekara biyu, kuɗin makaranta da sauƙi. Tun 1901 aka buɗe ta Joliet a jihar Ilinoi. Da yawa daga cikin ɗalibansu magidanta ne, da masu aikin dare, da baƙin da ba su gama iya Turanci ba.

Hadiza: To ina gizo ke saƙar?

Malam Garba: Mutum ne zai zo koyon walda, a yi masa gwaji, a ce lissafinsa bai kai ba. Sai a tura shi ajin cike giɓi, wata da watanni bai taɓa ƙarfe ba. Ga iyali, ga kuɗin haya. Ya gaji ya bari. Wallahi abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba.

Hadiza: Amma Malam, ai dokar Perkins ta 1990, wato dokar gwamnatin Amurka kan koyar da sana'a, ta ce a haɗa karatun boko da na sana'a.

Malam Garba: Ta faɗa. Waɗanda suka nuna yadda ake yi su ne jihar Washinton, da shirin I-BEST da suka soma gwadawa a 2004. Malamai biyu ke shiga aji ɗaya, na sana'a da na lissafi da karatu, kuma aƙalla rabin lokacin darasi suna tare. Ɗalibi na riƙe da tef na awo, an ce ya yanka ƙarfe inci uku da rabi, ya tsaya yana kallon layukan. Nan take malamin lissafi zai matso ya nuna masa rabi da kwata a jikin tef ɗin. Ya auna, ya yanka, ya ga ya zauna daidai.

Hadiza: Ni dai tsadar nake hange. Albashi biyu fa ke nan.

Malam Garba: Gaskiyarki. Shi ya sa jihar ta ƙara wa kwalejojin kashi 75 cikin 100 a kan kuɗin kowane ɗalibin shirin. Akwai kuma wahalar da ba ta kuɗi ba: malamin da ya saba shi kaɗai ke da aji, yanzu dole ya zauna da wani su tsara darasi tare. Malamin lissafin ma sai ya sa tabaran walda ya shiga wurin aiki, ya san inda ɗalibansa ke tuntuɓe.