Darasin Dara ta Ces: Yadda Fischer Ya Sauya Buɗewa a 1972

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau za mu duba wasa na shida na gasar kambun duniya da aka buga a Reykjavik, babban birnin Iceland, a shekarar 1972, tsakanin Bobby Fischer na Amurka, mai maki 2785 a ma'aunin FIDE, hukumar wasan ces ta duniya, da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet, mai 2660, wanda shi ke riƙe da kambun a lokacin.

Fischer ne da farare, kuma kowa ya san kusan kullum da tura soja zuwa gidan e4 na allo yake buɗe wasa, amma a wannan rana sai ya tura soja zuwa c4. Bayan 'yan taku aka shiga buɗewar da ake kira Queen's Gambit Declined, Spassky ya zaɓi tsaron Tartakower da b6 a taku na bakwai, tsarin da ya daɗe yana ji da shi.

To, ku dubi allon da kyau bayan taku na 15. Baƙaƙe suna da sojoji biyu kafaɗa da kafaɗa a c5 da d5, ba wani soja a gefensu da zai kare su. Idan suka samu damar matsawa, barazana ne, idan kuwa aka tsayar da su, sun zama kaya. A taku na 18 Fischer ya kai dokinsa d4, inda soja zai iya cin sa, domin ya ga cewa idan sojan c5 ya ci dokin, sarauniyarsa da ke a3 za ta cinye ta Spassky a e7. Spassky bai ci dokin ba. Daga nan dokin ya ci bishof ɗin Spassky a e6, sannan takun da ni a ganina ya yanke hukuncin wasan ya biyo baya, wato e4 a taku na 20. Spassky ya tura soja d4, kuma da wannan ya sakar wa bishof ɗin Fischer gidan c4, inda ya zauna yana takura fararen gidajen da ke kusa da sarki.

Sauran wasan matsi ne kawai. Spassky ya miƙa wuya bayan taku na 41, ya kuma bi 'yan kallo wajen tafa wa abokin karawarsa, Fischer kuwa ya shiga gaba a gasar karon farko. Yanzu ku mayar da allonku taku na 20, ku gwada cin sojan e4 maimakon d4.