Ndar: Masu Tuta, Masu Gidaje, da Masu Daka

Ku dubi wannan ɗan tsibirin da kyau. Yashi ne zalla a bakin kogin Senegal, tsawonsa kilomita 2 da 'yan kai, faɗinsa kuwa mutum zai ratsa da ƙafa cikin 'yan mintoci. Mutanen Wolof suna ce masa Ndar. A 1659 Faransawa suka kafa sansani a nan, suka raɗa masa suna Saint-Louis. Ƙaro suke nema, da zinariya, da hauren giwa, da bayi.

To su wa ke zaune a ciki a wancan zamanin?

A tsakiyar tsibirin akwai ganuwa, cikinta shugaban kamfanin cinikin Faransa da akawunansa da sojoji. Tuta tasu ce, igwa tasu ce. Amma ba su da yawa, kuma zazzaɓi na kwashe su duk damina. Zaman ma ba kyauta ba ne, sai sun biya Brak, sarkin Waalo, haraji. Kamfani bai yarda ma'aikatansa su zo da matansu daga Faransa ba.

Nan labarin matan da ake kira sinyar ya shigo, sunan da aka aro daga Fotugis, ma'anarsa uwargida. Bafaranshe zai nemi auren 'yar gari bisa al'adar ƙasar, a biya sadaki, a yi biki. Ran da jirginsa ya tashi bai dawo ba, aure ya ƙare, gida da dukiya da 'ya'ya su zauna wurin matar. Kada ku ɗauka matan nan 'yan zaman jira ne. Su ke da gidajen bulo, su ke da jiragen kogi, su suka san harshe da 'yan uwa a gaɓar kogin. Ga ɗaurin ɗankwali mai tsini kamar hasumiya, ga zinariya a wuya da kunne. 'Ya'yansu ruwa-biyu suka zama manyan gari, har magajin gari daga cikinsu ake naɗawa.

Ƙasa da su akwai baƙaƙen fata 'yantattu. Wasu Kiristoci ne da ake kira gurmet, masu riƙe da ragamar jirgi da tafinta, unguwarsu a kudu. Musulmi kuma sun fi yawa a arewa, malamai da 'yan kasuwa da masu sana'a.

Yanzu mu zo kan waɗanda ba a cika zana hotonsu ba, alhali a ƙarni na 18 su ne mafi yawa: bayin gida. Al'adar garin ita ce ba a sayar da bawan gida zuwa ƙetare sai da babban laifi, kusan yadda Bahaushe ya bambanta bacucane da bawan kasuwa. Amma wannan bai sa wuyansu ya huta ba. Su ne magina, su ne kafintoci. Idan ruwa ya cika da damina, mazansu ke zama laftot, ma'aikatan jirgi, su nufi ƙasar Galam can saman kogi. Inda iska ta ƙi, sai su sauka su ja jirgi da igiya, wata da watanni, cikin sauro da kada. In an dawo, uwargijiya ta karɓi rabin ladan.

Matan kuwa, ku saurari wannan ƙarar turmin. Tun kafin asuba ake jin ta. Geron da soja ya ci, da wanda ɗan jirgi ya ci, da wanda aka ba waɗanda ke ɗaure a kurkukun ganuwa suna jiran jirgin da zai kai su nahiyar Amurka, duk hannun matan nan ne ya daka shi. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai.

A 1789 manyan garin, ƙarƙashin magajin gari Charles Cornier, suka aika wa majalisar Faransa takardar koke. Buƙatarsu a karya babakeren kamfani, kowa ya yi cinikinsa a kogi. 'Yanta bayi bai shiga cikin buƙatun ba. Sai a 1848 Faransa ta soke bauta har abada a yankunanta, kuma diyyar da aka biya, iyayengiji aka ba.